Ƙarar da Inna Ta Goya

Na daɗe ina jin ku kuna ba juna labarina, ku 'ya'yana, kuna tsammanin kunnen tsoho ya mutu. Wai babanku ɗan kokawa ne da ya ji tsoron Tanko na Affala, ya kwance layunsa ya koma noman albasa. Wai kuma kakarku, Allah ya jiƙanta, mace ce mai busasshiyar zuciya, tunda ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Mahaliccinta. Na farkon ƙarya ne, amma bai dame ni ba, don ni da Tanko mun sha fura a ƙwarya ɗaya kafin ya rasu. Na biyun ne ke ci mini rai. Gaskiya ne ba ta kira sunana ba, sai dai kun ɗauki gaskiyar kun kifa ta. To, ku matso in gyara muku tun ina da sauran numfashi.

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna. Ku da kuka tashi a birni kuna hawa cinyar uwayenku ba za ku san nauyin wannan kalma a garinmu Kalfu na wancan zamani ba. Mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ana zancensa sai ta tashi ta nemi abin yi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Kaka Tamu, uwar Baba. Gida ɗaya muke, dangar kara ce kawai tsakanin ɗakin Kaka da na Inna, amma dangar nan ta fi mini nisan hanyar Tebaram. A bakin Inna sunana "yaron tsohuwa". In ta dama fura ta ga na dawo daga gona, sai ta aje ƙwarya a gindin danga ta ce da iska, akwai fura nan in akwai mai sha. Ban ɗauke shi ƙiyayya ba, don haka ake yi wa kowane ɗan fari a garinmu. Amma ba zan ɓoye muku ba, in na leƙa ta danga na ga ƙanwata Dije ta ɗora kai a cinyar Inna ana yi mata kitso, nakan daɗe ina kallo kafin in koma ɗakin Kaka.

Kokawa kuwa na yi ta, kuma na iya. Ba ni da jikin kirki, amma ina da sauri. Tun ina yaro na lura in kokawa ta yi tsawo numfashina yakan riga na abokin karawata ƙarewa, don haka na koyi kammala aikina tun mutum bai gama gyara tsayuwa ba. Makaɗin garinmu ya sa mini Idi Gama-da-wuri. Mutane suka ce wayo ne, ni ma na yarda wayo ne, don wa zai ƙi a ce masa mai wayo? A kakar shekarar da nake ba ku labari, ba a daɗe da sauke tutar Faransa a Tawa ba, aka haɗa ni da Tanko a Affala. Tanko mutum ne mai haƙurin jaki. Ya ƙi ba ni wurin shiga, ya yi ta jana har na fara ganin filin yana lilo, sannan ya sunkuyo ya doke ni da kai a tsakiyar ƙirji. Muka zube tare, dattawa suka ce ba wanda ya kā da wani, a sake haɗuwa kaka mai zuwa.

Ciwon ƙirjin ya ƙi tafiya. Aka yi ƙaho, aka shafa abin shafawa, aka sha rubutu, har ɗari ya wuce bazara ta shigo. Kaka Tamu ta rasu tun daminar da ta gabata, saboda haka ba mai yi mini faɗa in na yi tari. Baba ne wata safiya ya dube ni ina hawan tudun rijiya ina tsayawa, ya ce gobe za mu Tawa.

A asibitin Tawa akwai wani likita Anasara, saurayi, zafi ya mai da fuskarsa ja. Mai yi masa tafinta babban ma'aikacin jinya ne da ake kira Majo Garba, mutumin Damagaram, mai ladabi ƙwarai. Ku riƙe wannan ladabi nasa, za mu dawo kansa. Likita ya sa na tuɓe riga, ya ɗora mini ƙarfen sauraron ƙirji. Na ga waɗanda suka riga ni shiga, ɗorawa ɗaya biyu ake yi a ce su sa riga. Ni kuwa ya ɗora ya daɗe bai ɗaga ba. Ya kai ƙarƙashin wuya ya girgiza kai, ya sauko gefen ƙashin ƙirji ya tsaya, ya lumshe ido. Ya shimfiɗa tafin hannunsa a wurin. Ya kira Majo shi ma ya saurara. Baba, da ya rakuɓe a bakin ƙofa, ya kasa haƙuri.

"Majo, mi as same shi?"

Sai likita ya cire abin daga kunnensa ya sa mini a nawa.

Har yau in na rufe ido ina iya komawa wannan lokaci. Na ji bugun zuciyata, wannan na san shi. Amma ƙarƙashin bugun akwai wata ƙara da ba ta tsayawa, tana kumbura tana lafawa, irin ta ruwan kori, rafin damina, in an yi ruwan sama a kan duwatsu da nisa, ruwan ya iso gari alhali ko ɗigo bai sauka a kanku ba. Ɗakin ya yi mini nisa. Na manta da Baba, na manta da warin magani. A tsakiyar bazarar Adar, lokacin da mata ke wuni a bakin rijiya don tulu ɗaya, ga ni tsaye da rafi a cikin ƙirjina ban sani ba. Ban ji tsoro ba a lokacin. Daɗi ma na ji, har Majo ya taɓa kafaɗata ya karɓe abin.

Suka shigar da ni ɗakin radiyo, na'urar da ke nuna inuwar cikin mutum, sannan likita ya zaunar da mu ya yi bayani, Majo yana juyawa. Ya ce zuciya tana tura jini ga jiki duka, amma ita ma tana da nata ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ita. A zatonsa ɗaya daga cikin nawa ta ɓalle hanya, tana zuba jininta cikin babbar jijiyar da ke kusa da ita. Shi ya sa ƙarar ba ta hutawa. Da Majo ya ga Baba ya yi zuru, sai ya ce masa kamar a garka ne, hanyar ruwa ta fashe tana zuba a fangalin maƙwabci, naka fangalin yana samu amma ba ya ƙoshi. Baba ya gyaɗa kai, wannan ya gane. Likita ya ce shi kunne kawai gare shi, ba ya iya ganin wurin, kuma abu guda yake son sani. In da abin aka haife ni, to jikina ya saba da shi, zuciyar ma ba ta kumbura sosai ba, ana iya barinsa a riƙa dubawa. In kuwa kan Tanko ne ya yaga wurin, to yagewa ce sabuwa, tana iya faɗaɗa, sai a kai ni Dakar a buɗe ƙirji a ɗaure jijiyar.

"Waɗanda aka kaiwa, suna komowa?" in ji Baba.

Majo ya dubi likita, ya dubi ƙasa.

"Wasu suna dawowa, Malam."

Likita ya tambaya wa ya raine ni ina jinjiri. Aka ce tsohuwar ta rasu. Ya ce kafin tsohuwa fa, wa ya shayar da ni? A kawo ta.

Aka aika Kalfu. Inna ta zo a kan jaki, Dije na biye, suka same mu a gidan wani baduku ɗan'uwan Baba inda muka sauka. Ba ta taɓa shiga asibiti ba. Suka zaunar da ita a benci, ga mijinta, ga Majo, ga Anasara, ga kuma ni tsaye ba riga. Ta ja mayafi ta kafa ido a kan ƙafafunta. Likita ya jero tambayoyi da Faransanci. Daga baya, da na ɗan tsinci harshen, Majo da kansa ya gaya mini abin da likita ya tambaya. Ko jaririn yana gajiya a kan nono? Ko yana zufa in yana tsotso? In ta rungume shi, ko tana jin wani motsi a ƙirjinsa? Ku duba fa, a tambayi matar Kalfu yadda ɗan farinta ke shan nononta, a gaban mijinta da baƙin maza! Majo ya ji kunya tun kafin ita ta ji. Sai ladabinsa ya tashi, ya dunƙule tambayoyin duka ya mai da su ɗaya, ya kuma bar dalilinsu a aljihu.

"Inna, likita na tambaya, ko kin san wani abu game da lafiyar yaron nan yana ƙarami?"

"Ni mi nis sani ga yaron tsohuwa? A tambayi tsohuwa."

"Tsohuwa ta rasu, Inna."

"To, ban san komi ba."

Duk wanda ke ɗakin nan ya san ma'anar wannan amsa, ban da mutum ɗaya. Baba ya san kunya ce, ni na sani, Majo ya sani. Kowannenmu ma ya ji daɗi a ransa cewa ta amsa yadda matar kirki za ta amsa. Majo ya juya ya ce wa likita ba ta lura da komi ba. Likita kuwa ya ɗauki maganar yadda ta zo masa. Uwa ba ta ji komi ba, ciwo ya fara bayan duka, ashe dai duka ne. Ya ce Dakar. Gwamnati za ta ɗauki tafiyar, mota za ta kai ni Yamai, daga can jirgin sama. Baba ya tambayi wa zai yi mini wanka da salla in na mutu a can, Majo ya ce akwai Musulmi a Dakar. Da haka muka fito.

Kwanakin jiran motar nan ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Kamar ba ni ne na yi su ba. Nakan fita bayan azahar in bi inuwar katangu har bakin kasuwa, in ga Buzaye sun durƙusar da raƙuma, in ga masu goro da masu gishiri, duk sai in ga kamar ta cikin ruwa nake kallonsu. In na toshe kunnuwana da yatsu nakan ji rafin, ko kuma in zaci na ji. An ce mini Dakar tana bakin teku, ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Sai na riƙa raya wa kaina cewa rafin nawa ne ke neman hanyar gida, zai kai ni can ya zube, ni kuma a bar ni. Wata rana na yi gyangyaɗi a rumfar badukun, cikin ƙamshin jima, na ga Kaka Tamu tana wanke ƙore a bakin wani ruwa mai faɗi, ta ɗago ta ce me ya kawo ni da wuri haka. Sai na farka. A ranar ne tsoro ya same ni sosai. Ina son rayuwa, ina son in ga damina, kuma ban so a binne ni inda ba wanda ya san sunan ubana ba.

Dije ce ta same ni a haka. Yarinya ce mai baki, ba ta barin magana ta kwana.

"Yaya, wai don mi za a kai ka Dakar? Ba nan ad da likita ba?"

Na gaya mata yadda likita ya raba abin biyu, in haihuwa ce a bari, in duka ne a yanka. Na ce tunda Inna ba ta ji komi ba ina jinjiri, ai duka ne. Dije ta dube ni, ta tashi ta shige cikin gida.

Da la'asar ina zaune a bakin zaure ta ciki, Inna tana tsakar gida tana dakan gumbar guzurina. Ta ba ni baya. Can na ji taɓarya ta tsaya. Sai ta fara magana da Dije, da murya sama da yadda ta saba.

"Dije, akwai wata macce da nis sani can Kalfu, tun ba a haihe ki ba. Tas samu ɗa namiji. Ran da ta hwara goya shi, taj ji bayanta na rawa, awa an ɗora mata kyanwa mai barci. Tac ce ko ɗaurin zane na, tas sake ɗauri. Ba zane ba na. In shina shan nono sai shi saki shi huta, goshinai duk zuhwa. Ba ta hwaɗa ma kowa ba. Wa za ta hwaɗa ma? Ɗan hwari na, a ce ta zura mai ido. In ta tahi rijiya rawar na nan, in tana daka tana nan, har tas saba. Ran da anka yaye shi anka kai ma tsohuwa, bayanta yay yi shiru. Ta daɗe tana waigawa."

"Inna, wace macce ta?" in ji Dije, don neman magana.

"Miƙo min hwaihwai, ke dai."

Ban motsa ba. Ban iya ba ma. Ni da nake tsammanin matar nan ba ta san ko da wane hannu nake cin tuwo ba, ashe ta san abin da ke cikin ƙirjina tun ban san kaina ba, ta kuma riƙe shi ita kaɗai duk shekarun nan. Na sunkuyar da kai na yi kuka, ɗan kokawa guda, a zauren mutane. Ita kuwa ta ci gaba da dakanta.

Washegari da hantsi na ga ta yafa mayafi ta fita. Baba ya dube ni, na dube shi, muka bi ta a baya. Matar da ba ta san Tawa ba, ta kai kanta ƙofar asibiti ba ta tambayi hanya ba. Da muka shiga wurin likita, Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya ya ce bari ya je ya duba jaki. Alhali ba mu zo asibitin da jaki ba. Allah ya jiƙan Baba, ya san abin da ya yi.

Inna ta zauna a bencin nan, ta juya fuskarta ga bango, ta ba bangon labarin matar Kalfu daga farko har ƙarshe. Wannan karon Majo bai dunƙule komi ba. Ya juya kalma bayan kalma, har da kyanwar, sannan ya ƙara da nasa bayanin, ina jin yana gaya wa likita yadda ɗan fari yake a wurinmu, don na ga likita ya dafe goshi. Ya tambaye ni ko tun ina yaro numfashina na gajarta, na ce shi ya sa ake ce mini Gama-da-wuri. Ya yi murmushi. Sai ya ɗauko ƙarfen sauraron nan ya miƙa wa Inna, ya ce ta saurara ta faɗa masa ko ƙarar da ta sani ce, ko ta sauya. Inna ta dubi abin a kaikaice, ba ta karɓa ba.

"Ni ba da kunne nis san ta ba."

Ta sauke mayafin daga kafaɗunta, ta gyara zama, ta ɗan duƙa gaba. Sannan ta ce da bango:

"A ce ma yaron shi matso."

Ban gane ba sai da Majo ya tura ni. Na durƙusa a bayan bencin, na jingina ƙirjina da bayanta. Ƙaramin baya ne, 'ya'yana, duk ƙashi, ban taɓa sanin haka take da ƙanƙanta ba. Tana ƙamshin hayaƙi da gero. Rabona da taɓa jikinta tun ban da wayo, amma jikina ya san wurin. Na ji rafin yana ratsa ni yana shiga cikinta. Can sai na ji ta fara ɗan rausaya, hagu da dama, a hankali, hannunta ɗaya ya zagayo baya ya tallafe ni, ina jin ita kanta ba ta san ta yi ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba. A raina har yau ba mu tashi ba.

"Ita ta," in ji Inna. "Nan wurin take, ba ta gusa ba. Ta dai yi murya, awa mai ita."

Ta janye hannunta, ta ja mayafi, ta tashi ta fita neman Baba da jakinsa.

Likita ya daɗe yana duban inuwar zuciyata a takardar radiyo. Ya sake saurare. Sannan ya ce bai ga dalilin kai ni ga wuƙa yanzu ba, ciwon da nake ji ma mai yiwuwa na ƙashi ne da Tanko ya ƙuje, zai warke. Amma bai yi mini alkawarin komi ba. Ya ce in riƙa zuwa kowace shekara a saurara. In haƙori ya ruɓe kada in bar shi, in zazzaɓi ya daɗe in zo a yi mini allura, don ƙwayar cuta tana son zama a irin wannan wuri. In ƙafafuna suka kumbura ko na kasa kwanciya sai a zaune, to zancen Dakar ya dawo. Sai na ƙarshe, wanda Majo ya faɗa yana kallon taga: ba sauran kokawa. Zuciyar da ba ta ƙoshi ba, ba a ɗora mata ƙato. Baba ya ce ni ke da jikina, in zaɓa. Na ce na bari. Kai Sani, da ka kai ni Yamai bayan na tsufa aka shafa mini mai a ƙirji aka nuno abin a allo, kana ta mamaki, ka tuna ban ko ɗaga kai ba? Ai an riga an gaya mini, tun ba a haifi wanda ya ƙera na'urar ba.

Faɗin "na bari" a ɗakin likita abu ne mai sauƙi. Wuyar tana Kalfu. Damina ta yi kyau, aka yi girbi, sai ga Tanko ya iso da mutanen Affala, ya zo karɓar alkawarin dattawa. Ba wanda ya yarda da zancen jijiya. Mutum ga shi yana noma, yana cin tuwo, a ce wai rafi gare shi a ƙirji? Abokaina suka daina haɗa ido da ni. Da la'asar aka buɗe fili a bayan gari, ba nisa da gidanmu. Ina zaune a ɗakin Kaka Tamu sai na ji makaɗinmu ya ɗauko kiɗana. Yana kiran Gama-da-wuri, ya tsaya, ya sake kira, jama'a na amsawa. Wanda bai taɓa jin ganga ta kira sunansa ba, ba zai san abin nan ba. Ƙafafuna suka miƙe da kansu. Na jawo layuna daga ƙarƙashin gado, na ɗaura ɗaya a hannun dama, na ce a raina in mutuwa ce ta same ni a fili da sunana, ya fi in rayu ana nuna ni da baki.

Sai na ji taɓarya daga bayan danga.

Inna ce ta fara daka, ta kira Dije ta kama mata. Daka mai ƙarfi, lugude, taɓarya na bin taɓarya ba hutu, har ƙasar ɗakin na amsawa. In ganga ta ɗaga, su ma su ɗaga. Na kasa jin sunana. Ina tsaye da laya a hannu ɗaya, ina jin turmin nan, sai na tuna ƙanƙantar bayan da ke ɗaga taɓaryar. Na zauna. Ba ta tsaya ba har rana ta faɗi aka tashi daga fili, mutanen Affala suka wuce ta ƙofar gidanmu suna dariya. Na ji zafin dariyar nan, kuma na daɗe ina jin ta. Amma na kwance layar.

Da magariba na ga ƙwarya a gindin danga, na ji an ce da iska akwai fura nan in akwai mai sha. Dije ce ta ɗauko mini, tafin hannunta duk ya yi bororo ya fashe. Na ce wace irin fura ce wannan da ta ci yini guda ana daka.

"Wace hura, Yaya? Geron ya zama gari tun kiɗin hwarko. Inna ta kwashe shi, munka ci gaba da dukan turmi ba komi ciki."

Wannan ita ce matar da ba ta taɓa kiran sunana ba.